Masoyan da Ke Bangon Alƙibla

Gidan da muka kama haya a Guangzhou yana hawa na shida, babu lif. Ɗaki ɗaya ne da falo, sai wani ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Ni da Alhaji muka haɗa. Shi mutumin Maraɗi ne, ya ba ni kusan shekara ashirin, yana sayen takalman roba da fitilu yana aikawa gida. Ni kuwa wandunan jins nake ɗauka daga Xintang, da 'yan riguna daga Shisanhang, ina turawa Kano. A ƙofar masallacin Huaisheng muka san juna, duk mun gaji da zaman otal, sai muka yanke shawarar neman wuri tare.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, mijinta ya rasu, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Mama muke kiranta, kamar yadda 'yan Afirka ke kiran duk wata tsohuwa a garin. Idan magana ta yi tsawo sai ta kira 'yarta a waya, wadda ke aikin ofis, ta yi mana tafinta. Ranar da muka zo ganin gida, 'yar ta faɗa mana sharuɗɗa: kada a soya abu taga a rufe, kada a tara baƙi, kada a taɓa hoton da ke falo. Muka ce mun ji. A lokacin hankalina yana kan famfo da wutar lantarki, ban ma ɗaga kai na dubi hoton ba.

Sai da muka tare, la'asar ta yi, Alhaji ya fito da ɗan kamfas ɗinsa ya ajiye a ƙasa. Mu da muka tashi muna kallon gabas, a can yamma ake fuskanta. Allurar ta gama rawa ta tsaya, muka bi ta da ido, sai ga shi ta nuna mana hoton nan tsaf, kamar da gangan aka auna.

Babban hoto ne, faɗinsa ya kai ƙofa idan an kwantar da ita, zanen hannu da fenti, babu gilashi, an ɗaure firam ɗin a bango da notuna huɗu. Wata gona ce a jikin tudu. Akwai gajeriyar katanga ta duwatsu, a kanta wata budurwa ta zauna, farar riga da jan siket, ƙafarta ba takalmi, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin ɗankwalinta. Saurayi ya jingina da katangar ta ɗaya ɓangaren, ya ture hularsa baya, yana faɗa mata wani abu. A samansu wata bishiya ta yi fure fari fat, ba ganye ko ɗaya. Can baya shanun huɗa biyu farare masu dogayen ƙaho suna tsaye da garma a ƙasa, aikin bai kai rabi ba. Nesa kuma dutse ne da sauran ƙanƙara a kansa.

Ɗakin kwana ba ya sallatuwa, domin tun ranar farko muka cika shi da katan-katan har kusa da rufi, gadaje biyu kawai aka bari da 'yar hanyar da za a bi a gefe. Saboda haka Alhaji ya ciro rawaninsa ya yafa wa hoton, muka yi salla. Da muka idar ya cire. Da magariba ya sake yafawa. Haka muka yi mako biyu, sau biyar a rana idan muna gida, har wata asuba rawanin ya zame muna tsakiyar raka'a ta biyu, na ɗago daga ruku'u muka yi ido huɗu da ɗaya daga cikin shanun.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, Alhaji da ya fi kowa damuwa da a rufe hoton, shi ya fi kowa kallonsa. Da safe zai zauna da shayinsa ya tasa shi gaba kamar talabijin. Manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, don haka ba soyayyar ce ta dame shi ba, aikin gonar ne. Kullum sai ya yi wa saurayin faɗa: ƙasa ta jiƙu, shanu suna tsaye da karkiya a wuya, shi yana can yana zuba surutu. Ya ce da ɗansa ne da ya ji a jikinsa. Amma yana yaba mai zanen. Ya nuna mini faso a dugadugan yarinyar, da facin da ke gwiwar wandon yaron, da yadda igiya ta ci wuyan bijimi ɗaya. Ya ce wanda ya zana wannan ya zauna da talakawa, ba daga bakin wani ya ji labarinsu ba.

Mun kuma yi gardama mai tsawo a kan wane lokaci ne na shekara a cikin hoton. Alhaji ya ce farkon damina ne, tunda ana huɗa. Na ce ina aka taɓa ganin damina bishiya ba ganye, dutse da ƙanƙara? Ya ce to hunturu ne. Na ce wa yake huɗa da hunturu? Da muka tambayi 'yar Mama ta faɗi sunan lokacin da Turanci, na duba ɗan ƙamus ɗina, na ga an fassara shi da bazara. Alhaji ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce a kai waɗannan biyun Maraɗi da bazara, a zaunar da su a kan dutse da rana tsaka, a ga ko za su kai minti biyar suna wannan kallon-kallon.

Ni nawa haushin daban ne, kuma ban faɗa wa Alhaji ba. Wata huɗu da aurena na taho, na bar matata da ƙaramin ciki. Magana da ita sai na sayi kati, na tsaya a jikin taga inda waya ta fi kamawa, muryarta na zuwa a makare. In dawo daga Xintang ƙafata a kumbure, na wuni ina faɗa da masu ɗinki a kan zif da aljihu, na hau bene shida, in buɗe ƙofa, sai ga wannan saurayin da ba shi da aikin yi yana nan inda na bar shi, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da budurwarsa. Sau ɗaya na yi kuskuren ba matata labarin hoton. Sai ta tambaye ni ko yarinyar kyakkyawa ce. Na ce fenti ne fa. Ta ce ai ba abin da ta tambaya ke nan ba. Rabin katin a nan ya tafi.

Bayan abin da ya faru da rawani, sai na kawo shawarar a yi masa rufi na dindindin. Ina da wani yanki na yadin jins da aka ba ni samfur, mai kauri, shuɗi har ya kusa baƙi, ba a taɓa wanke shi ba. Na yanka shi daidai, na cusa bakinsa a bayan firam ta sama da gefe, ya zauna ɗaram kamar labule. Mama takan zo duk Lahadi ta duba gida, ta shafa saman teburi da yatsa, ta leƙa kicin. Lahadin farko da ta ga yadin sai ta ja kujera ta hau, ta cire shi, ta ninke ta ajiye. Tana fita na mayar. Lahadi ta gaba ta sake cirewa. Muka ɗauki watanni a haka, ita ba ta tambaya ba, mu ba mu yi bayani ba. Daga baya ƙafa ta dame ta, ta daina hawowa na 'yan makonni, yadin ya samu zama ba mai taɓa shi.

A daidai nan wannan lokaci da ƙamus ya kira bazara ya iso Guangzhou. Ban ga fure ba. Abin da na gani shi ne bango yana gumi. Ruwa yana tsattsafowa daga tayil, madubi ya yi hazo, wankin da ka shanya ya kwana uku bai bushe ba sai wari. Maƙwabta duk sun rufe tagoginsu, mu kuwa muka wangale namu don iska ta shigo ta busar da ɗaki, ashe laimar muke gayyata. Takalman Alhaji na samfur suka yi fumfuna, fasfo ɗina ya lanƙwashe.

A wannan shekarar ne kuma ake shirin wasannin Olamfik. Ba a Guangzhou za a yi ba, amma mun ji a jikinmu. Sabunta biza ya zama wahala, wanda ya fita bai da tabbacin dawowa, masu gidaje da yawa suka daina ba baƙi haya. Dole ne kowa ya riƙe takardar da ke nuna inda yake zaune, kuma ba a samunta sai mai gida ya raka ka ofishin unguwa da nasa takardun. Tawa ta kusa ƙarewa, ta Alhaji ma haka. Mama ta aiko ta bakin 'yarta cewa ƙafa ta yi sauƙi, za ta zo Lahadi, ranar Litinin ta raka mu.

Ranar Alhamis da hantsi na ce bari in cire yadin tun da wuri, tunda muna neman alfarma. Na ja, ya ƙi tahowa. Na ƙara ja, ya ɓanɓaro da wani sauti kamar an cire filasta. Yadin ya jiƙe sharkaf, ya manne a jikin fenti, ya zuba. Farar rigar yarinyar ta koma shuɗiya dabbare-dabbare, har zanen saƙar yadin ya fito a kai. Furen bishiyar ya yi kalar toka. Shuni ya sauka a kumatunta na hagu zuwa haɓa kamar wadda aka mara. Saurayin ko ƙwarzane bai yi ba, har shanun ma lafiya lau.

Ni ɗan Kano ne, na tashi ina ganin hannun masu rini, kuma sana'ata ke nan, kullum ina gargaɗin masu sari cewa sabon jins yana zuba. Ban san inda na ajiye wannan ilimin ba ranar da na ɗauko almakashi.

Alhaji ya ce in kwantar da hankalina, abu ne mai sauƙi. Na roƙe shi kada ya taɓa. Na shiga banɗaki na fito, na same shi a kan kujera da auduga da ruwan sabulu, yana goga kumatun yarinyar a hankali yana bismilla. Shunin bai fita ba. Abin da ya fita shi ne ɗan jan da ke kumatun, da wani yanki na gefen bakinta. Ya dubi audugar, ya dube ni, ya sauko daga kujera.

"Wanga fenti ba shi da ƙwari," in ji shi.



Wani ɗan Ghana ya taɓa gaya mini akwai layin masu sayar da hotunan fenti a wata kasuwar kayan ado. Juma'a kaɗai ta rage mana, don Asabar ina da lodi a Xintang. Muka ari abin kwance noti a wurin maƙwabci, muka sauke hoton, muka naɗe shi da zanen gadona, muka sauko da shi bene shida, a kowace kwana sai mun tsaya mun yi gardamar wa zai ɗaga wa zai sauke. Tasi uku suka tsaya, direbobin suka dubi girman kayan suka ce "meyo", wato babu, suka wuce. A bas muka tafi, a tsaye, ni da kaftanin Juma'a ina rungume da firam.

Shagon da muka shiga cike yake da dawakai da furanni da jiragen ruwa, kowanne guda goma iri ɗaya. Mai shagon, wani mai furfura da fenti a farce, ya buɗe zanen gadon ya duba, ya yi tsaki irin nasu. Da ɗan Turancinsa da nuni da hannu ya fahimtar da mu cewa gyara ba aikinsa ba ne, amma zai zana mana sabo irinsa sak kafin Lahadi da safe. Ya jawo wani littafi mai kauri, ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi. Ga hotonmu nan, katanga da shanu da komai. Ya ce na wani mai zane ne ɗan Italiya, tun ƙarni na sha tara, kuma guda huɗu ne a jere, kowane lokaci na shekara da nasa. Su aikinsu kwaikwaya ne, Turawa suna saye.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, a zana, a tsufar da shi kaɗan, tsohuwa ce, ido ya yi rauni, ba za ta gane ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, zuciyata ta karkata. Sai mai shagon ya sa tabarau, ya dubi littafi, ya dubi namu, ya sake duban littafi. Ya kira ni da yatsa. Yarinyar da ke littafin Baturiya ce, dogon hanci, manyan idanu. Tamu ba ita ba ce. Ya rufe shunin da tafin hannunsa, ya bar mini goshi da idanu. Wata huɗu ina zaune da hoton nan, ina jin haushinsa safe da yamma, ban taɓa lura ba. Idanun Mama ne, da goshinta, da yadda girarta ɗaya ta ɗan fi ɗaya tashi.

Mai shagon ya juya hoton, ya karanta wani rubutu da ke baya, ya ce wanda ya zana ya rubuta cewa na matarsa ne. Ya ce shi zai iya kwaikwayon ɗan Italiya sau ɗari, amma wannan fuskar bai san mai ita ba. Ya taimaka mana muka mayar da zanen gado.

Lokacin salla ya matso, ba damar komawa gida, sai muka wuce masallaci da kayanmu. Duk wanda ya san 'yan kasuwarmu ya san ba a wucewa ta gabansu da abu a rufe. Tun daga bakin titi ake tambayata wane sabon kaya ne, ina ake samu, guda nawa ke shiga katan. Na ce madubi ne. Ba zan shiga da shi masallaci ba, don haka na roƙi wani Musulmi ɗan ƙasar da ke sayar da gurasa a waje ya ajiye mini, na jingina shi fuska na kallon bango. Da aka sallame muka fito, na tarar ya kwance zanen gadon don kada ya sha ƙasa, ya juyo da hoton waje, mutanenmu sun kai goma sha biyar a tsaye a kansa. Wani abokin yayana, wanda ya halarci ɗaurin aurena, ya dafa kafaɗata ya ce cikin natsuwa, idan kewar gida ta yi yawa gara mutum ya koma, ba abin kunya ba ne. Na juya neman Alhaji ya yi bayani, na hango shi can nesa yana cinikin lemo kamar bai taɓa ganina ba.

Ranar Lahadi muka jingina hoton a falo ba rufi, muka zauna jira. Muna jin takunta tun daga hawa na huɗu, tana hutawa a kowane mataki. Ta shigo da ledar 'ya'yan itace da ta kawo mana, ta ce "ni hau", wato sannunku, sai idonta ya sauka a kan hoton. Ta ajiye ledar. Ta ciro tabarau, ta durƙusa da ƙyar a gaban hoton, ta kai yatsa kusa da kumatun amma ba ta taɓa ba. Na fi son a ce ta yi ihu. Sai da ta daɗe sannan ta miƙe, ta zauna a kujera, ta fara magana da harshensu ba tsayawa, tana nuna yadin, tana nuna taga, tana nuna ni. Sannan ta kira 'yarta ta miƙo mini waya.

'Yar ta ce, "Tana tambaya, me hoton ya yi muku?"

Na yi bayani iya iyawata: muna salla sau biyar, nan ne alƙiblarmu, ba ma yi da hoton mutum a gabanmu. 'Yar ta fassara. Mama ta dube ni, ta dubi bangon, ta faɗi wata gajeriyar magana.

"Ta ce wata huɗu kuna da baki. Ita ta ɗauka ƙura kuke kare masa, shi ya sa take cirewa, don fenti yana son iska."

Na ba da haƙuri, Alhaji ya ba da nasa da Faransanci, wanda ba wanda ya ji. Ban faɗi wanda ya goga sabulu ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Da yamma mijin 'yar ya zo da mota aka tafi da hoton. Muka kwana muna tunanin inda za mu kai katan-katan ɗinmu idan ta kore mu.

Litinin da safe muka same ta a ƙasan bene da jakar takardunta. Ta raka mu ofis, ta zauna a layi tare da mu fiye da awa biyu, ta sa hannu inda ake sawa. Ba ta dube mu ba, da muka ce "she she", wato mun gode, ba ta amsa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara jin daɗin farin bango. Bayan kwana goma sai ga ta da surukinta, suna ɗauke da wani hoton, girmansu ɗaya. Na lokacin zafi ne. Su dai biyun nan ne, amma yanzu alkama ta nuna, an yi girbi, sun zauna a inuwar dami. Katangar da ke tsakaninsu babu ita. Saurayin ya cire riga, ya ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa fifita da hularsa. Surukin ya ɗaga shi ya nufi bangon alƙibla. Na ce a kira 'yar. Na tuna mata duk bayanin da na yi. Ta yi magana da uwar, ta dawo ta ce, Mama ta fahimta sarai, amma ramukan notin a nan suke, kuma ba ta son a ɓata mata wani bangon.

Alhaji ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ni kuwa na shiga kicin na rufe ƙofa.

Wata guda muka yi muna salla a 'yar hanyar da ke tsakanin gadaje, ɗaya bayan ɗaya, goshi na gogar katan ɗin takalma. Kowace Lahadi ina sake kai ƙorafi. A ƙarshe ta yarda a mayar da shi bangon da ke kallon wancan, da sharaɗin surukinta ne zai huda, kuma ni zan toshe tsofaffin ramukan in shafe su da fenti. Na yi. Ranar da muka koma salla a falo, muna idarwa Alhaji ya waiwaya ya ce shi fa bai saki jiki ba, yanzu sun koma bayanmu kamar masu bin jam'i, ga shi ɗaya ko riga babu. Na ce masa idan ya ƙara magana a kan hoton nan zan koma otal.

Shi bai samu sabunta biza ba, ya tafi kafin a fara wasannin. Ni na samu ta 'yan watanni, kuma na san idan na fita ba lallai in dawo ba, ga kayana rabi a hannun masu ɗinki. A cikin makon da gari ya cika da tutoci, kowane shago talabijin na nuna masu tsere da masu iyo, aka kira ni daga Kano aka ce matata ta sauka, mace. Ina tsaye a jikin taga na ji kukanta, yana zuwa yana yankewa. Aka yi suna ba ni. Na yi wata biyu ni kaɗai a gidan tare da mutanen nan biyu na cikin hoto da daminsu.

Da kayana suka hau jirgin ruwa na je mayar da makulli. Mama ta ce in kai mata gida, karo na farko da na shiga wurinta. 'Yar tana nan. A falonsu na ga sauran biyun: na kaka, suna tsinkar inabi, da na sanyi, suna tafiya a hanya da itace a ka, ita a gaba shi a baya. A tsakiya kuma ga namu. Wani tsohon abokin aikin marigayi mijin Mama ne ya gyara. Ya mayar da kumatun da gefen bakin, amma shunin rigar ya ƙi fita, sai ya bi ta duka ya mai da ita shuɗiya. A idona ya yi kyau, na kuma yi kuskuren faɗa. Mama ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa sa shuɗi ba, yana sa ta yi kama da marar lafiya, kuma bakin da aka gyara na ƙanwarta ne, ba nata ba.

Ta zuba mini shayi, ta ci gaba da magana, 'yar tana tsinto mini abin da ta ga dama. Marigayin ya yi shekara da shekaru a wani ɗakin zane yana kwaikwayon hotunan Turawa, bai taɓa zuwa Italiya ba, bai ma taɓa hawa jirgin sama ba. Waɗannan huɗun ya yi su ne a ranakun hutu, ya ɗauki shekara biyu. Na ce lallai yana sonta ƙwarai. Da aka fassara mata sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce shekara biyun nan ita ke ɗebo ruwa, ita ke goyo, ita ke kai tsohuwarsa asibiti, shi yana ɗaki ya rufe ƙofa yana zana ta tana hutawa a kan katanga. Ta ce ko sau ɗaya bai taɓa kai ta ganin fure ba. Tana faɗa tana goge ƙasan firam ɗin da bakin hannun rigarta.

'Yar ta gaya mata an yi mini haihuwa. Ta tambayi watannin jaririyar, na faɗa. Ta tambaya ko na gan ta, na ce sai a hoto. Ta yi mini faɗa sosai a kan wannan, wanda 'yar ba ta fassara ba, kuma ban buƙaci fassara ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar hular ulu ja da safa, irin na jarirai, masu kauri kamar bargo. Na so in ce mata a Kano yarinyar za ta dahu a cikinsu, sai na tuna yadda bayanina yake ƙarewa da ita. Na karɓa da hannu biyu na gode. Ta ƙirga makullan, ta ce saura na akwatin wasiƙa. Yana aljihun Alhaji a Maraɗi. Sai da na je kasuwa aka yanka wani, na sake hawowa na kawo mata, sannan ta bar ni na tafi filin jirgi.